Abin Da Ke Jinin Yaya

Wa za a ɗora wa laifi idan maganin da ya warkar da jama'a shi ne ya kashe mutum guda?

Auta ta zuba wa kwamfutar ɗakin bincike ido har hawaye ya rufe mata gani. Hoton wani furotin ne mai sarrafa sukari a cikin jajayen ƙwayoyin jini, shi ke kare su daga fashewa. Danginsa sun kai har cikin yis ɗin burodi da tsirrai, kowanne da sassa biyu, ɗaya na riƙe sukarin, ɗaya na kama mataimakinsa. Na marigayi Yayanta kuwa, gurbi guda ya karkace a ciki.

Likita, wanda aka kusa sa musu ranar aure da Auta, shi ya rubuta wa Yaya maganin zazzaɓi. Idon Yaya ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi baƙi, ya cika. Tun ranar Umma ta hana a ambaci Likita a gidanta.

Yanzu ga Likitan tsaye a bayan kujerar Auta, duk ya rame.

"Rabin raina, kin gani da idonki. Jininsa ne ba ya ɗaukar maganin."

"Na gani..."

"To ki faɗa wa Umma!"

"In ce mata me? Ɗa namiji ta wajen uwa yake gadon wannan. In ce daga jikinta ya fito?"

"Ni fa? In mutu da sunan makashi?"

"Da ka gwada jininsa kafin ka rubuta..."

Ya sunkuyar da kai. "Da na gwada. Wannan kam zan kai shi kabarina."

"Ba zan faɗa ba, masoyi. Ka yafe mini."

Ya ja ƙofa a hankali ya fita.

Da yamma Auta ta tarar da Gwaggo a falon Umma, ta baje, tana yi wa ɗanta kamfen auren Auta.

"Ɗana dai taya yake sayarwa, bai taɓa kashe ko kiyashi ba!"

Umma ba ta yi dariya ba. Tana ninke rigunan Yaya, kamar kullum. "Na amince. Gara shi da wancan azzalumin. Allah ya isa tsaka..."

"Umma, kada ki ƙarasa!"

Auta ta durƙusa ta kama ƙafafunta.

"Yaya da abin aka haife shi. A jininsa yake. Kuma... ta wajen uwa ake gadonsa. Wataƙila ni ma ina ɗauke da shi."

Gwaggo ta tafa hannu. "Oh ni! Saboda namiji za ki ɗora wa uwarki gawa?"

Umma ta ɗaga mata hannu. Ta daɗe tana kallon jijiyoyin bayan tafinta.

"Ƙanena ma haka idonsa ya yi, muna yara," ta ce da ƙyar. "Aka ce mayu ne." Ta dubi Auta. "Ni na kashe ɗana ke nan?"

"A'a, Ummana! Ba ki sani ba."

"Shi Likitan ya sani?"

"Bai sani ba. Amma yana da halin ya bincika."

Umma ta rungume rigar a ƙirjinta, hawaye na sauka a kai.

"Kira Likitan," ta ce. "Ki ce ya zo. Amma ya zauna daga bakin ƙofa, ban shirya ganin fuskarsa ba tukuna."