Mai Tarbar Baƙi a Kantin Japan

Ƙarfe goma daidai aka buɗe ƙofar gilashin. Mufida ta haɗa hannayenta masu farar safa, ta rusuna kamar yadda aka koya musu.

"Barka da zu..."

Maganar ta maƙale. Takalman da ke gabanta ta san su, ita ta zaɓa masa su a kasuwar Wuse.

Abdulmajeed!

Gefensa mahaifiyarsa ce, Hajiya Umma, wadda Mufida ba ta taɓa gani ba sai a hoto. Bayansu kuma Kauthar, 'yar ƙanwar Hajiya, wadda ta daɗe da ƙwallafa rai a kansa, sai murmushi take.

Shekara biyu ke nan Mufida na aiki a wannan kanti mai hawa huɗu da wasu Japanawa suka buɗe a Jabi, lokacin da gine-gine ke tashi ko'ina a Abuja. Tun daga turare har tukunyar lantarki babu abin da babu. Ƙa'idarsu ce kowace safiya ma'aikata su jeru a bakin ƙofa su rusuna wa masu shigowa. Da aikin take riƙe kanta da mahaifiyarta a unguwar Gudu. Amma ranar da saurayinta Abdulmajeed, ɗan unguwar masu hali ta Maitama, ma'aikacin ma'aikatar tarayya, ya tambaye ta inda take aiki, bakinta cewa ya yi, "Ofishin wani kamfani." Wata takwas tana fita gida da abaya a kan yunifom.

"Lah!" Kauthar ta dafe ƙirji. "Yaya Majeed, ba wannan ce manajar taka ba? Ashe manajar ƙofa ce!"

Hajiya ta dubi Mufida daga sama har ƙasa.

"Abdulmajeed, ka san ta?"

Mufida ta ɗago ido tana jira. Shi kuwa ƙasa yake kallo.

"Umma... mu shiga ciki."

Suka wuce.

Ji ta yi kamar an tuɓe ta a tsakiyar kasuwa. Ga mutane na ta shigowa, dole ta ci gaba da rusunawa, hawaye na ɗiga a kan safarta. Clara, abokiyar aikinta, ta matso kusa.

"Mufi, je ka wanke fuska. Ni zan tsaya maka, Oga bai gani ba."

Bayan la'asar da ta tashi aiki, ta same shi jingine da motarsa a bakin titi. Ta ɗauke kai za ta wuce.

"Mufida, don Allah... ruhina, ki tsaya."

"Me ya rage? Na yi maka ƙarya, ka gani da idonka. Ka yafe mini, ka bar ni in tafi."

"Na sani tun watan azumi."

Ta juyo a hankali.

"Na zo sayen turare na hango ki a bakin ƙofar nan, sai na juya. Ban faɗa miki ba. Kuma ke ba ki taɓa cewa ke manaja ce ba, ni na faɗa wa Umma haka. Kauthar ta bi diddigi ta gano, shi ya sa ta matsa lallai yau a nan za a yi sayayya."

Mufida ta girgiza kai.

"Ni kunyar aikina na ji, Abdulmajeed. Kai kuwa kunyata ka ji."

Ya rufe fuska da hannu.

"Wallahi tun safe na kasa haɗa ido da kowa. Umma ta rantse ba za ta haɗa zuri'a da maƙaryaciya ba, ni kuma na kasa ce mata babbar ƙaryar tawa ce."

"To kada ka ce komai domina. Ni zan je da ƙafata."

Ranar Asabar ta hau tasi zuwa Maitama. Sau biyu tana kai hannu ga ƙofar gidan tana janyewa. A falo ta tarar da Hajiya, Kauthar na gefenta tana danna waya. Mufida ta durƙusa.

"Hajiya, ban zo roƙon aure ba. Na zo ne in faɗi gaskiya da bakina. Ni mai tarbar baƙi ce a kanti, in an rasa mai naɗe kaya ni nake naɗewa. Na ɓoye wa ɗanki don ina ganin ban kai ba. Ki gafarce ni."

"Tab! Sai yanzu da asiri ya..."

"Kauthar, tashi ki ba mu wuri," in ji Hajiya.

Kafin Kauthar ta kai ƙofa, Abdulmajeed ya shigo ya zube kusa da Mufida.

"Umma, maganar manaja ni na ƙirƙira. Kuma kin tambaye ni ko na san ta, na kauce wa tambayar. Na san ta, Umma. Ita nake so."

Hajiya ta cire gilashinta ta goge, ta mayar.

"Ni na haife ka, amma ran nan ka ba ni kunya fiye da ita." Ta juya ga Mufida. "Ke, in na ce sai kin bar aikin nan fa?"

Mufida ta ɗago kai.

"Ba zan iya ba, Hajiya. Da shi mahaifiyata ke ci. Kuma na gama ɓoye shi."

Hajiya ta gyaɗa kai.

"Da kin ce mini 'to', da na san har yanzu abin da nake son ji kike faɗa." Hajiya ta miƙe tana gyara mayafi. "Ban ce na huce ba. Amma ki faɗa wa mahaifiyarki, kawunnansa na nan zuwa bayan sallah."

Mufida ta kifa kai a gwiwa ta fashe da kuka.

"Tashi mana, 'yar nan," in ji Hajiya daga bakin ƙofa. "A gidana ba a tafiya ba a ci abinci ba."