Dodon da Yaya Ya Bari Ɗanye

"Waye ya taɓa shi?"

Abin da Auta ta fara ji ke nan da safiyar Asabar, tana kicin da soso a hannu. Muryar Mama ce, amma irin muryar da rabon da a ji ta a gidan tun ranar da aka kawo labarin hatsarin Yaya, shekara uku ke nan.

Ta fito falo a guje. Mama na tsaye gaban kabad ɗin gilashi, hannu ɗaya dafe da ƙirji. Faifan katakon yana nan da ƙananan ramukansa huɗu. Abin da ke tsaye a kansa ne babu.

Su biyu Mama ta haifa, Yaya da Auta. Yaya kuwa tun yana makaranta ba shi da aikin da ya fi so irin ƙera dainoso, manyan dabbobin nan da suka ƙare tun kafin a yi mutum a duniya. Yakan auna tsawon dabbar a littafi, ya rage shi sau talatin da biyar, ya lanƙwasa waya ta zama ƙashi, ya naɗe ta da takardar ƙarfe, sannan ya bi da yumɓun roba. Shi wannan yumɓun ba ya bushewa da kansa ko zai shekara goma, sai an gasa shi a obin, tandar nan ta lantarki. Na ƙarshen da Yaya ya fara, wani mai dogon wuya, bai kai ga gasawa ba. Ƙafa uku ya gama, ta huɗun waya ce tsirara. Ya ce in ya dawo daga aiki zai ƙarasa, bai dawo ba.

Mama ta sa masa suna dodon Yaya. Kullum in ta idar da sallar asuba sai ta buɗe gilashin, ta shafa wuyansa da babban yatsanta, ta rufe. Ban da ita, ko Baba ba a yarda ya taɓa ba.

Aka duba ƙarƙashin kujeru, aka duba bayan kabad, kamar dai abin zai sauka da ƙafa uku ya tafi yawo. Baba na zaune yana karanta jarida.

Can Mama ta juyo ta kafe Auta da ido, ta tambaye ta wa ya shigo gidan jiya in ba mutumin nata ba.



Mutumin nata shi ne Mai Haƙora, kamar yadda duk gidan ke kiransa, don sana'arsa ke nan, haɗa haƙoran roba. A shagonsa suka haɗu bara, da ta raka Baba a auna masa baki. Ta ɗaga kai ta hango wani ɗan dainoso a kan kanta, sai kawai ta fashe da kuka a gaban bawan Allahn da bai san ta ba. Shi ma ashe ƙera su ne ke cin hutunsa. Daga miƙo mata hankici magana ta yi nisa, har an tsayar da aure bayan wata biyu.

Jiya da la'asar ya zo. Ta bar shi a falo da Baba ta shiga haɗa shayi, Mama kuma na barci. Da zai tafi ma Baba ne ya raka shi, rungume da kwalin tsohon rediyonsa, wai zai nuna masa mai gyara a hanya.

Ta rantse wa Mama ba zai aikata ba. Amma bakinta ne ke rantsuwar, zuciyarta tuni ta fara tono.

Ba shi ne ya yi ta yi mata tambayoyi satin da ya wuce ba? Wane irin yumɓu Yaya ke saye? Me ya sa a cikin dodon, waya ce zalla ko da katako? Rana na bugun kabad ɗin? Har ya roƙi ta kawo masa gwangwanin ragowar yumɓun Yaya, ita kuma shashasha ta ɗauka ta kai masa tana murmushi. Ga kuma baje kolin masu irin wannan ƙira da za a yi ƙarshen wata, wanda da bakinsa ya ce ba shi da abin kirkin da zai kai. Kuma sau nawa yana tsayawa gaban kabad ɗin yana cewa bai taɓa ganin hannu irin na Yaya ba?

Ta shiga ɗaki ta kira shi.

"Kai ka ɗauki dodon Yaya?"

Tana jin ƙarar injin da yake goge haƙoran roba da shi tana mutuwa a hankali.

"Rabin raina... ba zan iya miki magana a kan wannan yanzu ba."

"Eh ko a'a kawai na tambaye ka."

"Ki ba ni kwana huɗu."

"Ka ɗauka ke nan."

"Ban ce ba."

"Ba ka kuma ce a'a ba."

Ta kashe wayar. Wanda bai ɗauki abu ba ai ba ya neman kwana huɗu.

Ba ta gaya wa Mama yadda suka yi ba, amma Mama ba yarinya ba ce, fuskar Auta kawai ta kalla. Ta ce in har shi ne, to ya gama taka mata gida, maganar aure kuma a shafe ta. Ta ce ta iya haƙuri da komai, amma ba za ta ba da 'yar da ta rage mata ga wanda ya sace mata ragowar ɗanta ba. Auta ta dubi Baba ko zai sa baki. Ina! Ya gyara zaman haƙoran bakinsa da harshe, ya juya shafi.

Kwanakin nan sun yi wa Auta tsawo. A kantin maganin da take aiki sau biyu tana miƙa wa mutum abin da bai tambaya ba. Saƙonninsa na shigowa, "Autata, ki yarda da ni," ta karanta ta ja tsaki, ta sake karantawa. Tana son sa, wallahi tana son sa, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Kullum da safe kuma sai ta ga Mama ta buɗe gilashin nan ta tsaya kallon katako, yatsanta a miƙe ba abin shafawa.

Ran Talata ta kasa jira. Da aka tashi cin abincin rana ta nufi shagonsa.

Tun daga baƙin ƙofa warin ya tare ta, warin nan mai kama da na sabon takalmin roba da ta sani tun tana ƙarama, duk ranar da Yaya ke gashi. Ta tura ƙofa ba sallama.

Ba kowa a gaba sai jerin haƙora na murmushi a kan kanta. Ta zarce ɗakin ciki. A kan tebur ta fara ganin gwangwanin Yaya a buɗe, ga tire cike da guntayen yumɓunsa mai ruwan toka. Wasu sun ƙone sun yi baƙi, wasu sun dare biyu.

Yana durƙushe gaban ƙaramin obin, ya ƙura wa agogon zafi ido. Ta cikin gilashin ta hango dogon wuyan nan, an tallafe shi da auduga.

"Ɓarawo," ta ce a hankali, ita kanta ba ta san muryarta za ta fita haka ba.

Ta yi kan obin ɗin. Ya miƙe ya tare ƙofar da bayansa, ya buɗe hannuwa. Ya roƙe ta don girman Allah kada ta buɗe. Ya ce yumɓun yanzu ya fi kowane lokaci rauni, ko jijjiga shi aka yi wuyan zai karye, saura minti goma sha biyu kacal. Ta ce ya matsa ko ta cire wayar obin ɗin daga bango. Ta ce ya ci amanarta, ya shigo gidansu da fuskar mutumin kirki alhali tun farko dodon yake hari. Ta tambaye shi ko sunansa zai rubuta a gindin aikin mamaci. Wannan ta shige shi, ta ga idonsa ya kaɗa, amma ko taku ɗaya bai matsa ba.

"Ki bar yaron nan. Ni na ba shi."

Ta waiga. Baba ne zaune a lungu kan kujerar da ake auna baki, hularsa a gwiwa. Ashe tun da ta shigo yana nan. Ga kwalin rediyo a gefensa, ba rediyo a ciki.

Baba ba mai yawan magana ba ne, amma ran nan ya yi. Ya ce lokacin da Yaya ya rasu, jikin dodon nan cike yake da zanen yatsunsa, tun daga wuya har bindi, don bai kai ga gogewa ba. Shi yakan sa tabarau ya leƙa ta gilashi in Mama ta shiga wanka. To yumɓun ɗanye ne, Mama kuma kullum tana shafawa. Bara ya ga sun ragu. Watan jiya ya duba ya sake dubawa, guda ɗaya tak ya rage, a gindin wuya. Uwar da ta fi kowa son yaron ita ke share shi da hannunta, ba ta sani ba.

Ya ce ya rasa ta inda zai gaya mata. In ya ce ta daina taɓawa, ya raba ta da abin da ke tashinta da safe. In ya ce a gasa, ba za ta taɓa yarda ba. Shi ya sa ya je wa Mai Haƙora, ya kuma sa shi alƙawarin kame bakinsa har a gama, don in abin ya fashe a wuta, shi Baba ne zai ɗauki laifin. Guntayen da ke tire kuwa gwaji ne. Kwana uku yaron nan yana ƙona ragowar yumɓun kaɗan-kaɗan, yana neman zafin da tsohon yumɓu zai iya ɗauka.

"Kina kallona Mama na zagin sa, na yi shiru," in ji Baba. "Tsoro ne, Auta. Ba wani abu ba."

Agogo ya buga. Mai Haƙora ya kashe obin ɗin, ya ce sai ya huce da kansa, awa guda. Suka zauna su uku. Auta ta rasa inda za ta sa fuskarta. Can ta matsa kusa da shi ta ce ya yafe mata, kalmar nan da ta faɗa.

"Ta yi zafi," ya ce. "Amma da kin bar a ɗauke shi ba ki yi faɗa ba, da ban san wa zan aura ba."

"In Mama ta yarda..."

"In Mama ta yarda."

Da la'asar suka isa gida. Mama na falo. Tana ganin wanda ya shigo bayan Baba ta miƙe, amma Baba ya riga ta. A tsaye ya faɗa mata komai, bai rage ba, bai kuma kare kansa ba. Mai Haƙora ya durƙusa ya buɗe kwalin, ya zaunar da dodon a ramukansa huɗu.

Mama ba ta kalli kowa ba. Ta miƙa babban yatsanta ta shafa wuyan, ta danna kaɗan yadda ta saba. Bai lotsa ba.

"Ya yi tauri," ta ce. "Da yana da laushi... kamar mai rai."

Auta ta ji kamar ƙasa ta buɗe ta shige, ta ce a ranta shi ke nan, an gyara abu an rasa aure.

Mai Haƙora ya ciro madubin aikinsa mai ƙara girma, ya miƙa wa Mama da hannu biyu, ya nuna mata gindin wuyan. Ta ɗauki lokaci kafin ta karɓa. Ta sunkuya.

Zanen yatsan Yaya na nan raɗau, layi-layi. A gefensa kuma, rabi ya hau kan nasa, akwai wani ƙarami.

"Wannan fa?"

"Naki ne, Mama. Na safiyar Juma'a."

Mama ta daɗe a sunkuye. Hawaye na ɗiga a kan madubin, tana gogewa da gefen mayafi tana sake kallo. Sannan idonta ya sauka kan ƙafa ta huɗu, wayar nan tsirara yadda Yaya ya bar ta.

"Kai da ka iya, me ya hana ka ƙarasa masa ƙafar?"

"Ba aikina ba ne, Mama."

Ta ɗago ta dube shi, karo na farko tun da ya shigo. Ta mayar da yatsanta kan zanen, a tsorace, ta ɗaga ta duba. Yana nan.

"Gobe ma in na taɓa, zan same shi?"

"Gobe da jibi. Har jikokinki za su taɓa."

Mama ta ja hanci, ta harari Baba ta ce da shi za su haɗu anjima, kada ya ɗauka ya sha. Sannan ta juya wajen Auta, wadda ke rakuɓe jikin ƙofa tana kuka ba sauti.

"Ke kuma kin tsaya kallon me? Ɗana ya kwana uku gaban wuta, ko ruwa ba za ki kawo masa ba?"

Shekara uku rabon da kalmar nan ta fito daga bakin Mama. Auta ta ruga kicin, ta ɗauko kofi, ta tsaya gaban famfo har ruwan ya cika ya zubo mata a hannu.