Ƙwallon Mangwaro a Kan Rufi

Yammacin da abin ya fara bai bambanta da sauran ba. Rana ta yi ja, manyan motocin da ke kwana a bayan gidan sun fara shigowa ɗaya bayan ɗaya suna tumbuɗo hayaƙi, Maijego ta tashi ta rufe taga kamar kullum. Ɗaki ɗaya gare su a gidan haya, su huɗu a ciki: ita, da mijinta da ake kira Mai-zarto saboda sana'arsa, da 'yarsu ta fari mai shekara goma sha biyu, sai jaririyar da ta zo duniya ba ta kai kilo biyu ba. Tsuntsuwa suke ce mata, don ƙanƙantarta da wani siririn fito da ƙirjinta ke yi in tana numfashi. Sunan wasa ne, amma ba mai dariya in ya faɗa.

Nas ta ce a nisanta ta da hayaƙi, a riƙa fitar da ita inuwa ta sha iska. Maijego ta ce to. Me za ta ce? Inuwa ɗaya ce tak a unguwar, ta tsohon mangwaron filin bayan gida, kuma mijinta ne ya kayar da shi da hannunsa lokacin da aka mai da filin gareji. Aiki aka ba shi, ga ciki ya tsufa, ga tukunya a kife. Har guntun kututturen ya ɗauko ya kawo ɗaki, a kansa suke ɗora kwandon Tsuntsuwa don ƙasan akwai danshi.

Yammacin nan, Maijego na rufe tagar sai ga wani abu ƙwas a kan kwanon rufi. Sai na biyu.

Mai-zarto ya ce 'yan gareji ne, ya fita da faɗansa ya dawo ba faɗan. Da safe ya hau rufin. Ba duwatsu ya tarar ba, ƙwallayen mangwaro ne, ɗanyu, da lema a jikinsu, alhali ba lokacinsa ba ne. Ya zuba su a aljihu bai gaya wa kowa ba, shi a dole jarumi.

Kwana uku ana jifan da zarar rana ta faɗi. A na huɗu suka fara jin murya a lungun kwandon, ƙasa-ƙasa, kamar mace na lallashin ɗa. A na biyar 'yar farin ta ajiye wanke-wanke, ta je ta durƙusa gaban kututturen tana fifita da tafin hannu, idonta ba ya ƙiftawa. Uwar ta miƙa hannu za ta ɗauki jaririyar, yarinyar ta riƙe mata wuyan hannu da ƙarfin da ba nata ba. Maijego ta ji tsoron da ba ta taɓa ji ba. Ta kuma lura da wani abu da ta kasa faɗa: lungun nan akwai sanyi, yana ƙamshin ɗanyen ganye, kuma tun da aka fara jifan nan, Tsuntsuwa ba ta yi fito ba ko sau ɗaya.

Malamin da aka ɗauko dattijo ne marar hayaniya. Ya iso dab da magariba yana tari, don hayaƙin layin bai san malami ba. Ya zauna ya fara karatu a hankali. Maƙwabtan da ba su taɓa zuwa barka ba duk suka cika ƙofa. Can yarinyar ta juyo, muryar wata babbar mace ta fito daga bakinta, a gajiye.

"Ya isa, Malam. Ina jin ka."

Ya tambaye ta ko wace ce, da dalilin da ya sa ta shiga gidan mutane.

"Maƙwabciyarsu ce. Tun kafin a kafa unguwar nan nake kan mangwaron. Ni ban shigo gidansu ba, gidana suka ɗauko suka kawo ɗaki. Ni ma jego nake yi."

Mai-zarto ya sunkuyar da kai. Malam ya ce duk da haka ba ta da izinin zama a jikin 'yar mutane, ta fita.

"In je ina? Da ƙafa ka zo. Ganye nawa ka gani a hanya?"

Gaskiya Malam bai ga ko ɗaya ba. Da ya nisa sai ya ambaci lambun da ke ƙetaren babban titi, wajen manyan gidaje, mai doguwar katanga da masu gadi. Ta yi 'yar dariya ta ce katanga ba ta tare irinsu, mutane take tarewa. Sannan ta kawo nata sharaɗin: za ta saki yarinyar yanzu, jifa ya ƙare, a bar mata lungun kawai ta yi renonta, ta riƙa fifita 'ya'yan biyu tare.

Malam ya dubi masu ɗakin. Mai-zarto ya yi saurin cewa a'a, ta tafi, shi zai kai kututturen har gindin katangar. Muryar ta ce, "Maijego, ke ba ki ce komai ba."

Maijego ta buɗe baki. Ga Malam, ga miji, ga idanun maƙwabta a ƙofa. Ta yaya mace za ta ce a gaban jama'a tana son aljana a ɗakinta? Ta rufe bakin. Yarinyar ta yi atishawa sau uku ta sulale ƙasa, ta farka tana tambayar wa ya ƙarasa wanke-wanken. Aka yi hamdala, kowa ya watse.

Washegari motocin suka shigo a kan lokacinsu. Rufi shiru. Lungun ya koma zafi kamar sauran ɗakin, kwandon na kan bulo, fiton Tsuntsuwa ya dawo har ya fi na da. Maijego ta saurara iya abin da za ta iya, baƙin ciki ya cika ta, haushin kanta ya fi na kowa. Ta goya jaririyar, ta ƙetare babban titin tsakanin motoci, ta bi katangar har inda wani reshe ya leƙo waje. Kututturen na nan inda mijin ya yar da shi.

Ta ce a hankali, "Maƙwabciya, ni ce."

Ganyen ya motsa. Wani sanyi ya sauko mata a ƙeya, fiton da ke bayanta ya lafa, ya lafa, har ya ɗauke. Tana jin ƙirjin 'yar yana hawa yana sauka lafiya lau, tana kuma jin takun mai gadi yana tahowa daga ƙofa.

"Baiwar Allah, ba a tsayuwa a nan."

Ta ce to. Amma ba ta ɗaga ƙafa ba sai da ya faɗa sau uku.