Kafar Iskar Ɗakin Yaya

Ana dab da magariba Auta ya rufe shagon da yake yankan kwano, ya rataya jaka, ya nufi gidan hayar da yayarsa ta rasu a ciki. Innarsu ce ta aike shi ya kwaso ɗan abin da ya rage, ya mayar wa mai kula da gidan makulli, don ita ta ce ƙafarta ba za ta sake taka wannan matakala ba. Ya ce mata to. Bai nuna mata abin da ke cikin jakar ba.

Akwai guduma da guntun rodi, kayan aikinsa na kullum. Akwai wani murfin kwano mai karkataccen baki da ya yanka da hannunsa. A ƙasa kuma tsummokara ne da soson tsohuwar katifa, ya cusa su har jakar ta yi ciki.

Murfin na Yaya ne. Ɗakinta na sama yana da kafar iska daidai kan gado, faɗin tafin hannu, da raga a bakinta. In sanyi ya sauko, ta nan yake zubowa kamar an buɗe famfo. Takan ce masa, "Kai da kake yi wa mutanen gari rufi, 'yar'uwarka tana kwana a firji." Shi kuma ya ce ai gara ta daɗe ba ta lalace ba, ta bi shi da ludayi. Ya yi mata bayani cewa ba a toshe irin wannan kafa, musamman ga mai kunna gawayi a ɗaki. Murfi ake sa mata wanda zai karya ƙarfin iskar ya tura ta sama, a bar tazarar yatsa biyu ɗaki ya riƙa numfashi. Ya ce zai kawo mata in aiki ya lafa.

Aikin bai lafa da wuri ba. Mai kula da gidan, wanda 'yan haya ke kira Mai Makulli, ya gaji da ƙorafinta. Ranar da ta tafi wurin ɗinkinta ya kafa tsani ta waje, ya cusa buhu a kafar, ya shafe da siminti. Bai gaya wa kowa ba. Ta ciki ragar tana nan yadda take, babu abin da ido zai gani. Yaya ta dawo ta rufe taga, ta hura kaskonta yadda ta saba, ta kwanta tana jin daɗin ɗumi. Mijinta direba ne, yana kan hanya. Da safe maƙwabta suka ɓalle ƙofa.

Wurin gaisuwa Mai Makulli ya ce kwana ne ya ƙare. Daga baya aka ji shi a bakin ƙofa yana cewa ita ta ce sanyi ya dame ta, shi kuwa ya yi mata maganin sanyi. Wannan magana ita ta zauna wa Auta a ƙirji kamar ƙusa. Ita ta sa ya tara tsumma.

Ya tarar da mutumin a ƙofar ɗakinsa na ƙasa, a ƙarshen baranda, yana fifita gawayi da murfin tukunya. Ƙato ne mai gajeren wuya, makullai na kaɗawa a ƙugunsa. Ya dubi Auta sama da ƙasa, ya ce ashe ƙanin marigayiya ne, a yi sauri a kwashe don akwai mai son ɗakin, kuma kar a cire masa ƙusa ko ɗaya daga bango.

"Ba zan daɗe ba, Baba," in ji Auta.

Idonsa na kan bangon. Ga kafar iskar ɗakin Mai Makulli nan, ƙasa-ƙasa, ko tsani ba ta buƙata ta bayan gida. Duk gidan an san shi: da ya idar da salla zai shige da kaskonsa, ya ja ƙofa, ya sha shayi, ya ɓingire. Auta ya ji nauyin jakar a kafaɗarsa, ya hau sama.

Ɗakin Yaya ya karɓe shi da warin rufaffen wuri. Ya danna makunni, ƙwan bai kawo ba. Ɗan hasken da ya rage a gilashin taga ja ne, yana dusashewa. Ga kekenta an lulluɓe da zane. Ga takalminta ƙafa ɗaya a kife. Ya sunkuya ya gyara shi, ya daɗe a sunkuye. Ita ce ta goye shi, ita ta raka shi shago ranar farko, ta ce wa maigidan in ya yi rashin ji a ja kunnen hagu, na daman ta riga ta tsinke shi.

Daga nesa aka fara kiran salla. Ya soma naɗe labule.

Sai ya ji sanyi a ƙeyarsa.

Siriri ne, kamar an ɗora masa bakin almakashi. Ya juya. Taga a rufe, ƙofar ya tura ta da kansa. Kafar kuwa da idonsa ya ga simintin ta waje.

Maigidansa a sana'a ya koya masa abu guda kafin komai: kar ka yarda da fatarka, tambayi ashana. Ya ƙyasta, ya ɗaga ta kusa da raga. Harshen wutar ya tsaya cak, yadda ya kamata a toshasshen wuri. Auta ya sauke numfashi.

Wutar ta kwanta ta nufi bango.

Ta miƙe. Ta kwanto wajensa. Ta miƙe. Ta sake komawa bango, a hankali, da tsari, kamar ƙirjin mai barci.

Ashanar ta ƙone masa yatsa, bai ji ba. Warin gawayi ya cika ɗakin, wanda bai gama kamawa ba, a ƙarƙashinsa kuma ƙamshin man da Yaya ke shafawa. Bakinsa ya bushe.

"Yaya?" Da ƙyar ya ji kansa.

"Ba ita ba ce."

Muryar daga raga ta fito. Ba ta mace ba, ba ta namiji ba. Ta yi kama da ƙarar iska a bakin kwalba. Auta ya ja baya har ya bugi keke. Addu'ar da ya fara ta kakare masa.

Abin ya yi magana a hankali, yana tsayawa kamar mai tara ƙarfi. Ya ce kafar nan hanyarsu ce tun kafin a shafa wa gidan fenti na farko. Da magariba suke bi, ba su taɓa kowa ba. Ranar da aka shafe ta yana ciki, ya shigo jin ɗumi. Ya kaɗa mata labule, ya ture kofi, ya kira ta da sunanta, ba ta farka ba. Tun ranar yake nan. Ƙofa da taga ba hanyarsa ba ce, inda ya shigo nan zai fita. Nasa suna ta waje, suna jira.

Sai Auta ya ji su. Ta bayan simintin, can sama inda babu abin takawa, ana karta a hankali. Farata da yawa.

"Buɗe."

Bai san lokacin da ya hau gadon ba. Ya fizge raga, ya kafa rodi, ya buga. Hannunsa na rawa, gudumar ta zame ta sami babban yatsa. Ya sake bugawa. Siminti ya tsage. Ya tura, ɓaraguzai suka faɗa waje, buhun ya bi su.

Iska ba ta shigo ba. Fita ta yi. Ta ja rigarsa, ta ja zanen keke, ta ja ƙurar ƙasa, wani abu mai tsananin sanyi ya goga kuncinsa ya wuce. A waje aka yi wata irin gaisuwa, raɗa a kan raɗa. Sannan duk suka gangara bango, suka yi ƙasa.

Ya san inda suka nufa.

Ya ɗauki jaka ya sauka. Gidan tsit, ko kukan yaro babu. Ƙwan baranda na lumshewa. Wani sashe na zuciyarsa na cewa gudu, wani na cewa je ka gani, ai abin da ka zo nema ke nan.

Ƙofar Mai Makulli a wangale take. Taga ma haka. Kaskon na tsakar ɗaki, gawayin da ya bari ja wur ya koma baƙi, ko hayaƙi babu. Labulen ya tsaya ƙiƙam kamar an zana shi. Mutumin na durƙushe, bakinsa a buɗe, yana haɗiyar abin da babu. Makullan ƙugunsa na karkarwa amma ba sa ƙara.

Ya ga Auta. Ya miƙo hannu. Leɓɓansa suka ce ɗana, murya ba ta fito ba.

Auta ya tsaya a bakin ƙofa. Dare nawa ya kwana yana zana wannan fuska a haka. Ga ta. Ya nemi daɗin da ya yi tsammani, ya tarar babu komai a wurin sai tunanin cewa ita ma babu wanda ya miƙa mata hannu.

Ƙafarsa ta shiga kafin ya yi shawara da ita.

Ciki babu iska. Kamar ya nutse a rijiya. Kunnuwansa suka toshe. Ya cafki wuyan rigar mutumin ya ja, ya ja, har dokin ƙofa. Nan ƙaton ya tsaya, ya yi nauyi kamar an gina shi da bangon.

Wani abu ya shinshini jakar.

"Tsumma," aka ce a kunnensa na dama.

"Wannan ma mai toshewa ne," aka ce a na hagu.

Yatsu masu sanyi suka rufe masa hanci.

Idonsa ya fara ganin ɗigo-ɗigo. Ƙirjinsa na bugu kamar kwano ƙarƙashin guduma. Da hannu ɗaya ya zazzage jakar. Tsummokaran suka zube, soso ya gangara. Ya shure su da ƙafa, ya lalubo murfin, ya ɗaga shi sama, yatsunsa biyu a cikin tazarar da ya bari.

Shiru.

"Shi ya buɗe mini." Muryar farko ce.

Yatsun suka sassauta kaɗan.

"Sake shi, ka fita."

Mai Makulli ya riƙe masa wuyan hannu. Idanunsa sun firfito, hawaye na gangara.

Auta ya buɗe hannunsa.

Aka jefo shi baranda kamar buhu. Ƙofar ta rufe a hankali, ba da ƙarfi ba. Ya kwanta kuncinsa a siminti yana zuƙar iska, tana yanka masa maƙogwaro, bai taɓa ɗanɗana abu mai zaƙinta ba. Ya ji makullan sun yi ƙara sau ɗaya.

Da maƙwabta suka fito, ƙofar ko sakata babu. Likita ya ce hayaƙin gawayi ne. Masu ɗaukar gawar suka dubi tagar da ke buɗe, suka dubi kaskon da ya huce, kowa ya ja bakinsa.

Bayan kwana biyu Auta ya dawo da tsani. Ya bi ɗakunan gidan ɗaya bayan ɗaya, ya ciro jarida da leda da tsofaffin safa da 'yan haya suka cusa a kafofinsu, ya sa musu murfi. Wata tsohuwa ta ce ya matse nata sosai, ƙashinta ba ya son sanyi. Ya ce mata, "Iya, ki ƙara bargo. Yatsa biyun nan ba naki ba ne, ba nawa ba." Kafin ya taɓa kowace kafa yanzu sai ya ƙwanƙwasa bango, ya yi sallama, ya ɗan jira. Abokan aikinsa na yi masa dariya, ba ya tankawa.

Murfin Yaya shi ya ɗaura a ƙarshe. Ya zauna daidai, ko gyara bai nema ba. Matar da ta kama ɗakin ta ce ɗumi gare shi kuma ba ya shaƙe mutum, sai dai da magariba kwanon kan yi ɗan ƙara, ƙil, ƙil, kamar ana wucewa ana taɓa shi.

Innarsu ta taɓa tambayarsa me ya sa yake yawan kallon tafin hannunsa na dama. Ya ce tsagewar kwano ce. Gaskiyar ita ce yana son ya tuna ko umarnin da aka ba shi ne ya buɗe hannun nan, ko kuwa ya riga ya fara buɗe shi kafin a yi magana.