Mai Ƙorafin Bakin Kwata

Magariba ta kawo jiki, kaji sun shige akurki, gidan Tela ya yi tsit, in ban da wani siririn kiɗa da ke tashi daga bakin kwata. Nan Tela yake tsaye, waya a kunne, ƙafa ɗaya kan dutsen da ya rufe ramin ruwan wanke-wanke. Duk faɗin gidan, nan kaɗai sabis ke kamawa, cikin wari da ƙudaje.

Tun da ya shiga saye da sayar da hannun jari a waya, keken ɗinkinsa ya koma wurin shanya tsumma. Manhajar cinikin da ke wayar kuwa 'yar banza ce ta ƙarshe. Farashi na hawa sai ta daskare, sai ya faɗo warwas sannan ta farka ta yi masa barka da zuwa. In ya kira kamfanin su sa masa kiɗa, wata murya mai sanyi ta riƙa cewa, "Kiranka yana da muhimmanci a wurinmu, ci gaba da jira." Shi kuma ya yi ta surfa ashar, yana kaki yana tofawa cikin kwata.

Ran nan sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki, ƙwal.

Matarsa ta leƙo. "Baban Auta, ka ji?"

"'Ya'yan maƙwabta ne. Ƙyale ni, an kusa ɗauka."

Washegari jifa ta ƙaru. Daga nan aka fara jin murya daga ƙarƙashin dutsen, ƙasa-ƙasa, tana cewa, "Maigida. Maigida." Tela bai ko dubi ƙasa ba, ya ɗaga hannu ya ce, "Ina zuwa."

Sai wata yamma Auta, 'yarsa, ta je zubar da ruwan kwanuka ta yanke jiki ta faɗi. Da ta tashi idanunta sun juye fari fat, yawu na dalala har wuyan riga. Uwar ta rungume ta tana kiran sunanta. Yarinya ta buɗe baki, da murya mai sanyi ta ce, "Kiranki yana da muhimmanci a wurinmu, ci gaba da jira."

Abin da take faɗi ke nan, ba ci ba sha, har wuyanta ya fara zama kamar na kaza. Dole aka ɗauko Malam mai ruƙiyya.

Ya zauna gabanta bayan sallar magariba, ya yi karatu mai tsawo. Gidan ya yi nauyi. Daga aljihun Tela kiɗan nan yana ta tashi, don ko a lokacin yana kan layi.

Can Auta ta yi gurnani, murya ta koma ta tsoho.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Mazaunin kwata. Tun kafin a sa tubalin gidan nan nake ciki. Ruwan kwanuka na haƙura da shi. Amma wannan ƙazamin, kullum ƙafarsa a kan rufina, majinarsa a kan 'ya'yana, ga wani kiɗa kamar kukan sauro. Na yi jifa, shiru. Na yi sallama, ya ce yana zuwa. To shi ma ya ɗanɗana jira."

"Yarinya ba ta yi maka komai ba. Ka ji tsoron Allah ka fita."

"Zan fita. Amma sai ya saurari ƙorafina daga farko har ƙarshe. In ya juya ga wani abu, na zauna ke nan."

Tela ya durƙusa. Aljani ya fara lissafa ɓarna, tun daga kakin farko, da launinsa da kaurinsa, har Malam ya kai hannun riga hanci.

Ana tsaka da haka kiɗan ya tsaya cak. Muryar mutum mai rai, wadda Tela ya yi wata da watanni yana nema, ta fito daga aljihu: "Barka da yamma, da wa nake magana?"

Hannun Tela ya tashi ya nufi aljihu. Matarsa ta kafe shi da ido. Ya dubi wuyan Auta. Ya mayar da hannun kan gwiwa, ya danne shi da ɗayan.

"Ina jin ka," ya ce wa aljanin. "Ci gaba."

Muryar aljihu ta ce, "Tunda ba ka da magana, mun rufe ƙorafinka, an warware matsalarka. Mun gode." Layi ya katse.

Aljani ya ja tsaki mai tsawo.

"Tir. Ka san na shiga wayar nan, Malam? Na bi layin har ƙarshe in ce 'yan kamfanin su ɗauka in huta. Ko mu ba ma yi wa ɗan Adam haka. Maigida, ka saurare ni, na yafe. Ka daina tofa mini."

"Na daina, wallahi."

"Ni na fita. Waɗancan na cikin wayar kuwa, Malam, ko malaminka bai isa ya fitar da su ba."

Auta ta yi atishawa, ta lumshe ido ta buɗe, baƙin idon ya dawo. Ta ce, "Mama, ruwa."

Tela ne ya riga kowa zuwa randa.