Tiren Kuɓewa

Tun da 'yan bindiga suka kashe wa wata yarinya Baba a Gwaska, ita da Innarta suke zaune a wani aji, a makarantar Tsohon Birnin Gwari. Yayanta Usman yana asibiti a Kaduna, da harbi a ƙafa. Garin babu sabis. Sati uku ba su ji muryarsa ba.

Sai aka kawo wa makarantar wani farin faranti, aka kafa shi a kan katanga.

"Wannan da taurarin ɗan'adam yake magana," in ji Malam Abdulsalam, malamin makarantar. "Suna giftawa ta samanmu ɗaya bayan ɗaya, suna kawo mana intanet. Sarari yake so. Kada a ɗora masa komai."

Ranar Laraba wani maƙwabci ya tsinko musu kuɓewa daga gonar Baba. Inna ta yanka ta a tiren ƙarfe, tana yi tana share ido.

"Ungo, shanya ta inda awaki ba za su kai ba."

Yarinya ta duba ko'ina. Ta taka benci, ta ɗora tiren a kan farantin.

Malam ya shirya da wani a asibiti cewa Usman zai kira da la'asar ɗin ranar. Inna ta yafa gyalenta mai kyau, ta zauna gaban wayar Malam. Shiru. Inuwar darbejiya ta yi tsawo, har yanzu shiru.

"Malam, kada ka ɓoye mini," in ji Inna. "Shi ma ya bi uban nasa ne?"

"Haba Inna, intanet ɗin ne ya ɗauke."

Ba ta yarda ba. Ta rufe fuska da gyalen.

Yarinya ta dubi katanga. Ta tuna da tiren, amma tsoro ya riƙe mata baki. Kukan Inna kuwa irin na ranar da aka kashe Baba ne a Gwaska. Yarinya ta kasa jurewa.

"Malam, ni ce. Kuɓewa na shanya a kai."

Malam ya riƙe haɓa. "Ke 'yar nan! Miya za ki aika wa taurarin?"

Ya sauko da tiren. Can sai waya ta yi ƙara.

"Inna! Yau na taka ƙafata!"

Inna ta rungume wayar, tana dariya da hawaye.

Daga baya Malam ya ce wa yarinya, "Ki riƙa kiyaye abin da aka hana. In kuma kin yi kuskure, faɗa da wuri. Shirunki ne ya tsawaita kukan Inna."

Kuɓewar kuwa, a kan rufin akurkin kaji ta ƙarasa bushewa.