Wanda Ya Tayar da Baba

"Sake shi, don Allah sake shi... ba ka jin yadda yake numfashi ne?"

Auta ta dire filas ɗin hannunta, ta sha gaban dogon saurayin da ya rungumo mahaifinta yana ƙoƙarin zaunar da shi. Kwana shida ke nan da kwantar da Baba a asibiti. Zuciyarsa ta gaza, ƙafafunsa sun kumbura, sai an jera masa matashi uku yake iya runtsawa. Tsohon kafinta ne mai shekara saba'in da takwas, amma yanzu ko kofin shayi rawa yake a hannunsa.

Saurayin bai sake shi ba. Likitan motsa jiki ne, duk ɗakin Dogo ake ce masa.

"Ina ji, ƙanwata," ya ce a natse. "Ruwan da ya taru a ƙirjinsa magani na janye shi. Gadon nan nake tsoro. Tsoho mai rauni irin Baba, kwana ɗaya a kwance kan cinye masa ƙarfin da sai ya yi mako yana nema. Na sha gani... zuciya ta lafa, amma mutum ya kasa komawa gida."

"In ya faɗi fa?"

"Kafin ya kai ƙasa zai tarar da ni a can."

Baba ya yi 'yar dariya, tari ya biyo baya. Ran nan minti biyu ya yi zaune a bakin gado.

Tun daga nan Auta ta fara lura da Dogo. Durƙusawa yake ya sa wa Baba silifa da hannunsa. Ba ya ce masa "yi ƙoƙari", sai dai ya tambaye shi wane katako ya fi dacewa da ƙafar kujera, tsoho na cikin bayani sai ya tsinci kansa a tsaye. Shi ya gano Baba na jin jiri duk bayan maganin safe, ya bi likitan zuciya har ofis aka rage masa.

Rana ta goma Baba ya taka har bakin taga. Auta ta juya baya tana share hawaye.

"Akwai maganar da nake so mu yi," Dogo ya ce ba tare da ya dube ta ba. "Amma sai an sallami Baba. Yanzu shi ne a gabana."

Ta sunkuyar da kai.

"To... Allah ya sa a sallame shi da wuri."

Ashe a kunnen wani mai kantin magani suka yi. Abokin Yayanta ne, shekara biyu yana neman ta tana zillewa. A ranar ya ja Yaya gefe.

"Gwaji yaron nan yake yi da tsohonku don ya burge yarinya. Mai ciwon zuciya ake sa wa tafiya? Ranar da ta tsaya, kada ka ce ban faɗa ba."

Yaya ya tayar da ƙura a gaban shugabar nas-nas, ya ce kada Dogo ya ƙara taɓa masa uba. Ya juyo kan Auta.

"Ke kuma in na sake ganin kina washe wa yaron nan haƙora, sai ranki ya ɓaci."

Kwana biyar Baba ya yi a kwance. Ya daina cin abinci, bayansa ya fara salewa, ya koma kiran Auta da sunan marigayiya mahaifiyarta. Likitan zuciya bai ɓoye musu ba.

"Zuciyarsa na nan yadda take. Jikin ne ke tafiya."

Auta ta tare Yaya a baranda.

"Yaya, ka hana ni shi, na haƙura. Amma kada ka hana Baba. Abokinka sau nawa ya taɓa juya shi a gado?"

Yaya ya wuce ta. Ya shiga ɗakin, ya tsaya kan mahaifinsa. Baba ya buɗe ido da ƙyar.

"Ina yaron nan dogo? Ko na yi masa laifi ne?"

Da ƙafarsa Yaya ya je ya nemo shi. Auta ta zaci Dogo zai ja aji, ko ya yaɓa magana. Sai kawai ya naɗe hannun riga.

"Yaya, zo ka kama ɗaya ɓangaren. Sa hannunka nan, ƙarƙashin kafaɗa. Idan an koma gida kai za ka riƙa yi."

Ta ga Yayanta ya kawar da fuska, idonsa ya yi ja.

Sai da aka sake farawa daga zama a bakin gado. Bayan mako uku Baba ya fita asibiti a kan ƙafafunsa, yana dafa ƙarfen tafiya. Ana shigar da shi mota Dogo ya matso kusa da Auta.

"An sallami Baba."

"Na gani."

"To ni fa, abar ƙaunata? Tun ranar da kika yi mini tsawa ban ƙara samun kaina ba."

Ta rufe fuska da mayafi tana dariya. Daga cikin mota Yaya ya leƙo.

"Ba a titi ake wannan maganar ba. Ka zo gida."

Wata huɗu bayan nan aka ɗaura musu aure, Baba na zaune a kujerar da ya ƙera da hannunsa tun yana da ƙarfi. Ya ƙara wata takwas a duniya. Sau ɗaya kawai ya koma asibiti, har ƙarshe kuma shi ke kai kansa banɗaki.

A ɗakinsa ya cika, da hantsi, 'ya'yansa na kewaye da shi. Auta ta nemi mijinta ta rasa, sai ta same shi a bayan gida ya haɗa kai da gwiwa. Mutumin da ba ta taɓa ganin hannunsa ya yi rawa ba yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Ta durƙusa, ta kama hannunsa.

"Ka ba mu shekara guda da shi, mijina. Zo mu shiga, Yaya na nemanka. Ya ce ba zai iya ɗaga Baba shi kaɗai ba."